Shuɗin Matan Tolsham

"Ba zan shafa ba," na ce.

Crispin Aldous, daraktan shirin talabijin ɗin, ya juyo da dukan jikinsa kamar bai ji da kyau ba. Bokitin laka yana hannuna da buroshi a ciki. Matan garinmu kuwa sun jeru a gaban coci cikin rigunan da na rina musu, suna jiran a ce su motsa.

"Me kika ce, Malama?"

"Na ce ba zan shafa musu laka ba, Yallaɓai. Ga bokitinka."

Na ajiye shi a gabansa a hankali, don kada gobe a ce jefa masa na yi. Masu kyamara suka daina hira. Wani da ke jan waya a ƙasa ya tsaya da ita a hannu. Daga cikin layin matan sai na ji muryar Goggo Verity, yayar mahaifina, wadda ba ta taɓa iya raɗa ba a rayuwarta:

"To fa! An taɓo 'yar gidanmu."

Delphine Marchant ta taho da sauri, allurai a maƙale a ƙirjin rigarta. Ita ce shugabar sashen tufafi, ita ce uwar ɗakina, ita ta ɗauke ni aikin nan. Ta kuma yi mini alkawari cewa idan an gama wannan shiri za ta tafi da ni Landan in zama mataimakiyarta ta dindindin. Duk wanda ke wurin ya san da wannan alkawari, ni ma ban manta ba lokacin da nake ajiye bokitin.

Ta kama hannuna ta matse. "Bryony, ɗauki bokitin nan. Za mu yi magana daga baya."

"Anti, daga baya ai rigunan sun zama tsumma."

A Tolsham aka haife ni, a gida mai karkata kamar sauran gidajenmu, wanda idan ka ajiye ƙwai a ƙasa sai ya gangara bakin ƙofa. Kowa a garin ya san da kuɗin me kakanninmu suka gina gidajen nan da wannan ƙatuwar coci da ta fi ƙarfin garin: da kuɗin ulu, shuɗin ulu. A bangon cocin, inda farar ƙasa ta ɓare, har yanzu ana ganin zanen wasu mata biyu suna riƙe da yadi, rigunansu shuɗaye, ɗankwalinsu fari fat. Ina yarinya, a ƙarƙashinsu nake zama kowace Lahadi. Da yamma kuma in koma gida in tarar ana kallon shirin mutanen da a talabijin, kowa cikin buhu mai launin ƙasa, fuska duk dauɗa, haƙora baƙaƙe, sama kullum a murtuke. Sai in tambayi kaina, su waɗannan matan na bango daga wace ƙasa suka zo?

Wannan tambayar ce ta kai ni jami'a, ita ce kuma ta sa na ƙare a kan tufafin talakawan Ingila na ƙarni na sha huɗu. Na karanta abin da aka rubuta, na taɓa guntayen yadin da aka tono daga ƙasa, na ga littattafan addu'a masu zanen manoma suna girbi cikin ja da shuɗi da rawaya. Ba na cewa ba su sha wahala ba. Sun sha, yunwa da annoba da haraji. Amma suna wanka, suna wanki, suna son launi kamar yadda muke so. Marubutan littattafan labari da masu talabijin ne suka haɗa kai suka zuba musu toka, har ta kai idan ka nuna wa mutum gaskiya sai ya ce ƙarya kake.

Don haka ranar da aka ce wani kamfani zai zo Tolsham ya ɗauki shiri a kan boren talakawa na shekarar 1381, lokacin da mutane suka tashi a kan harajin kai, ban jira an kira ni ba. Na tari Delphine a bakin masaukinta da guntun ulu a hannu. Ta juya shi, ta sunsuna, ta ɗaga shi a rana.

"Da me kika rina wannan?"

"Da ganyen wod, babar rini ta ƙasar nan, yadda kakanninmu suke yi."

"Za ki iya yi mini na mata wajen talatin?"

"Zan iya na ɗari."

"Kai, ji bakinta," ta ce tana dariya. "Talatin ɗin dai."

Da na san abin da talatin ɗin za su ci, da ban ambaci ɗari ba. Bayan gidan Goggo Verity na mayar marina. Ganyen da na shuka bai isa ba, sai da na bi gonaki ina roƙo. Na daka, na dunƙula, na shanya, na sake jiƙawa na bar shi ya ruɓe. Sai kuma babban abin: shunin wod ba ya kama yadi sai an narkar da shi a cikin tsohon fitsari. Akwai maganin kanti da ke yin aikin cikin sauƙi, amma na ce ba zan taɓa shi ba, yadda suka yi haka zan yi.

Goggo ce ta ɗauki nauyin wannan ɓangaren. Ta gangara da duro bayan mashayar garin, ta shiga ciki ta buga tebur.

"Ku saurara, ragwaye! Tun da aka haife ku ba ku taɓa tsinana wa garin nan komai ba. Yau dama ta zo. Duk wanda ya sha, ya zagaya baya ya yi wa tarihi hidima."

Suka yi ta dariya, suka kuma yi hidimar, har ta yi yawa.

Warin kuwa, ba zan iya kwatanta shi ba. Maƙwabta suka rufe tagogi a tsakiyar zafi. Mai kawo wasiƙu ya koma jefo su daga bakin titi. A shagon burodi idan na shiga sai layi ya buɗe mini hanya, ba don girmamawa ba. Samarin mashaya suka raɗa mini suna Gimbiyar Duro. Hannayena suka yi shuɗi har gwiwar hannu, farcena kamar na gawa, sabulu ya kasa. Saurayin da nake da shi a lokacin ya ce in zaɓa, ko shi ko duron. Na ce masa duron bai taɓa sa ni zaɓe ba. Duro biyu suka lalace mini saboda sanyin dare ya kama su, na zubar na sake farawa, na naɗe sabon da bargon gadona, ni kuma na kwana da kwat ɗin sanyi.

Amma ranar da ya kama! Na tsoma yadin farko na bar shi ya sha, na ɗago shi da sanda. Ya fito rawaya-rawaya, kore-kore, kamar ruwan kwata. Goggo ta toshe hanci ta leƙo.

"Wannan ne shuɗin? 'Yar nan, an cuce ki a jami'a."

"Tsaya ki gani."

Iska ta taɓa shi. A gaban idonmu koren ya fara juyawa daga gefe, yana shiga ciki, yana nauyi, har yadin gaba ɗaya ya koma shuɗi, irin na matan bango sak. Goggo ta saki hancinta ta kurma ihu, ta rungume ni da jiƙaƙƙen yadin a tsakaninmu, muka yi ta tsalle a cikin wari kamar mahaukata. Maƙwabciyarmu da ta yi wata ba ta gaishe mu ba ta buɗe taga don ta yi faɗa, sai ta tsaya baki buɗe, can ta ce, "A sa sunana a cikin masu sa rigar nan."

Haka matan Tolsham suka shiga shirin. Su ne za su cika titi a bayan manyan 'yan wasa, a matsayin matan masaƙa da suka fito su tari mai karɓar haraji. Mai sayar da kifi, malamar makaranta mai ritaya, matar mai mashaya, duk suka zo gwaji. Wasu riguna na tsoma su sau da yawa suka yi duhu, na masu hali. Wasu sau ɗaya, suka yi haske kamar sararin safiya, na marasa ƙarfi. Delphine ta ɗinka su da mutanenta, ta ce ba ta taɓa aiki da yadi mai rai irin wannan ba.

Shi kuwa Crispin bai gan su ba sai a safiyar ɗauka. Ya fito daga motarsa da kofin shayi, ya ga matan a gaban coci, ya tsaya cak.

"Wannan kuma bikin wa ake yi?"

Aka ce masa ai matan bore ne.

"Matan bore? Waɗannan? Kamar masu tallan sabulu! Wa zai yarda waɗannan yunwa suke ji? A tsufar da kayan nan, a sa musu laka har wuya, fuska ma a shafa. Ke, mai hannun shuɗi, ke kika san yadin, ke za ki yi."

Wani ya miƙo mini bokiti. Abin da ya biyo baya kun riga kun ji.

Yanzu ga shi tsaye a gabana, bokiti a tsakaninmu, Delphine tana matse mini hannu. Ba mugun mutum ba ne, in faɗi gaskiya. Ya ma yi murmushi.

"Malama Bryony, na san kin yi karatu. Ni ma na ɗan yi. Amma mai kallo yana zaune a falonsa da farantin abinci a cinya, yana da ƙiftawar ido ɗaya ya gane su wane ne talakawa. Laka ce ke gaya masa."

"To ka gaya masa da fuskokinsu, Yallaɓai, da abin da suke faɗa. Matan nan saƙa ce sana'arsu, shuɗin nan daga hannunsu yake fita. Kuma yau za su tsaya a gaban wakilin sarki. Dubi Goggona can. Ko ofishin hukuma za ta je yin faɗa a kan kwandon shara, sai ta sa kwat ɗinta na coci ta sa jan baki. Talaka ba ya zuwa gaban mai mulki da dauɗa, yana zuwa da mafi kyan abin da ya mallaka don kada a raina shi. Ni haka na yarda kakanninmu suka fito."

"Gaskiya ne!" Goggo ta ɗaga murya. "Har hula nake sawa!"

Matan suka fashe da dariya, har wasu daga cikin ma'aikata. Wannan dariyar ce ta ɓata komai. Murmushin Crispin ya ɗauke.

"Kin gama laccar?"

"Ban ma fara ba."

"To ki ƙarasa ta a waje. Delphine, yarinyarki ce. Ko ta ɗauki bokiti, ko ta ajiye katin aikin da ke wuyanta."

Delphine ta jawo ni gefe, ta juya wa mutane baya. Idonta ya kawo ruwa.

"Ke wace irin mai taurin kai ce? Kina tsammani ni ban san suna da kyau ba? Na shekara ashirin ina ɗinka kaya ina kuma lalata su da hannuna, haka aikin yake. Ki shafa kaɗan a gefen ƙasa, ki bar ƙirjin, zan rufa miki asiri. Landan fa, Bryony. Landan!"

Na dubi matan. Rana ta fito ta bayan hasumiyar coci ta sauka a kansu. Malamar makaranta, wadda ta koya mini karatu, tana gyara ɗankwalinta kamar amarya. Na san idan ban shafa ba wani zai shafa. Na san rigunan ba za su tsira ba ko ta yaya. Abin da ya rage kawai shi ne hannun wa zai yi.

"Anti, ki yafe mini. Ba da hannuna ba."

Na cire katin na sa mata a tafi.

Wani ƙato mai rigar tsaro ya raka ni har bayan igiyar da aka tare 'yan kallo da ita. Rabin garin yana wurin, tsofaffi da kujerunsu na naɗewa, samarin mashaya a kan katanga.

"Gimbiya, an sauke ki daga sarauta?" in ji wani daga cikin samarin.

"Rufe mini baki," na ce, "kai da gudummawarka ba ta wuce cokali ba."

Aka yi shewa. Na yi dariya tare da su.

Daga nan na kalli ana yi. Ma'aikata huɗu da buroshi suna bin matan ɗaya bayan ɗaya. Shuɗi mai duhu, shuɗi mai haske, duk suka koma launi ɗaya, launin bango. Aka shafa musu a kumatu da goshi. Da aka zo kan Goggo ta buɗe hannuwa kamar za a auna ta.

"Shafa da kyau, ɗana. Mijina ya shekara talatin yana son ya ga na yi shiru na yi dauɗa, bai samu ko ɗaya ba."

Ban kau da kai ba. Na ce tunda na ƙi yi, sai na kalla har ƙarshe. Sai na lura da ɗan lakar da ta taɓa yatsana daga bokitin. Ta bushe ta zama gari mai laushi kamar hoda. Na murza, na sunsuna. Ba lakar titi ba ce. Ƙasar masu wankin ulu ce, irin wadda kakanninmu ke cuɗa yadi da ita a cikin ruwa don ta tsotse maiƙo ta bar shi tas. Masu fim suna son ta saboda tana kama da dauɗa a kyamara kuma tana fita da sauƙi idan an gama. Wato abin da suke ɓata rigunana da shi, sabulun mutanen da ne. Na yi murmushi ni kaɗai. Ban ga abin da wannan zai amfane ni ba.

Aka jera matan a saman titin da ke gangarowa zuwa kasuwa. Crispin ya leƙa allon da ke nuna masa hoto, ya ɗaga kai ya harari sama.

"Wannan ranar fa? Kamar ranar hutu a bakin teku. Ina mai ruwa? A ba ni ruwan sama, mai ƙarfi!"

Ashe sun zo da motar tanki da dogayen bututu a kan ƙarafa, don a wurinsu zamanin da bai taɓa ganin rana ba. Na ga Delphine ta ɗago kai da sauri. Ta buɗe baki. Ta dubi Crispin, ta dubi matan, sannan ta juyo ta nemo ni a cikin taro. Sai ta rufe bakinta ta sunkuya tana gyara allurai.

Sai a lokacin na gane abin da ruwa zai yi wa ƙasar nan, na kuma gane ita ma ta sani.

"A fara!"

Ruwa ya ɓarke daga sama. Matan suka taho, Goggo a gaba da sandar saƙa a hannu, suna ihu a kan haraji. Taku na farko launin ƙasa ne. Kafin su kai shagon burodi sai na ga kafaɗar Goggo ta buɗe, shuɗi ya leƙo. Sai ƙirjin malamar makaranta. Sai hannun mai kifi. Lakar tana narkewa tana gangarowa kamar madara, tana bin duwatsun titi, shuɗin yana fitowa daga sama zuwa ƙasa, kuma jiƙaƙƙen ulu ya fi busasshe duhu da ƙyalli. Ranar da Crispin ke son ɓoyewa ta ratsa ruwan ta haske su. Fuskokinsu ma suka wanke, jajaye don sanyi da ihu. Mata talatin shuɗaye shar suna gangarowa tsakanin gidajen da shuɗi ya gina.

Ban san lokacin da na fara kurma ihu ba. "Ga su nan! Ga su nan! Ku kalle su!"

Garin gaba ɗaya ya ɗauka. Tsofaffi suka miƙe daga kujeru, samari suna buga katanga suna kiran "Duro! Duro!" Wani dattijo kusa da ni, wanda ya kai ƙarata wurin hukuma saboda wari, yana share ido da hularsa yana cewa, "Matan bango ne, wallahi matan bango ne." Mai babbar kyamara bai tsaya ba, ya bi su har kasuwa, bakinsa a buɗe.

"A tsaya! A tsaya!" Crispin yana ihu, ba mai jin sa. Sai da ya karɓi lasifika. "Wa ya wanke su?"

"Kai ne, ɗana!" Goggo ta amsa daga tsakiyar kasuwa, ruwa yana zuba daga haɓarta. "Allah ya yi maka albarka, mun daɗe ba mu yi wanka ba!"

Na yi dariya har na durƙusa.

Bai haƙura ba. Aka mayar da su sama, aka sake shafawa, aka sake kunna ruwa, suka sake fitowa shuɗaye, har sun fi na farko, don ƙasar tana ƙara wanke ulun ne. Aka gwada ba ruwa, ya ce hoton ya mutu. Aka gwada laka mai kauri, ta zubo guda-guda. Matan suna rawar sanyi, leɓunansu sun kusa kama launin rigunan, amma ko ɗaya ba ta ce ta gaji ba. Duk lokacin da suka wuce ta gabana sai malamar makaranta ta kashe mini ido. Na ruga gida na cika tulunan shayi, na miƙa musu ta saman igiya tunda an hana ni tsallakawa. A haka aka wuni. Da rana ta yi ƙasa Crispin ya jefar da hularsa ya ce a tashi, zai gyara a na'ura.

Ban fahimci nauyin wannan maganar ba sai da sanyi ya zagayo aka sa shirin.

Muka taru a mashaya bayan cin abincin yamma, garin duka, har da waɗanda ba sa shan komai. Matan suka zauna a gaba. Aka yi ta surutu har titinmu ya bayyana, sai wuri ya yi tsit. Ga shagon burodi, ga ruwa, ga mata suna gangarowa. Toka-toka. An zauna a wani ɗaki a Landan an zuƙe launin kamar yadda ake zuƙe jini. Rigunan sun koma kalar tsohon bargo, sama ta koma baƙa, ranar nan da ta haske su babu ita. Goggo ta fito na ɗan lokaci, baki buɗe, kamar mayya.

"Wannan tsohuwar kuma wace ce?" ta ce. "Kai, Allah ya isa. Ko jan bakina ba su bari ba."

Aka yi dariya, amma gajeriya. Sunaye suka fara hawa a ƙarshe. Na karanta har na mai kawo shayi. Nawa babu.

Sai dattijon nan mai ƙara ya miƙe da kofinsa. "Mu dai mun gani," ya ce. "Da idonmu." Matan suka juyo suna tafa mini, samari suka sake ɗaukar "Duro! Duro!" har mai mashaya ya ce za su karya masa tebur. Na tsaya a kan kujera na rusuna musu kamar gimbiyar gaske.

Na kira Delphine bayan haka. Ta ɗauka, ba ta ɓoye mini komai ba.

"Ranar nan ita ce mafi kyan abin da na gani a aikin nan," ta ce. "Amma ba zan iya ɗaukar wadda ke ajiye bokiti a gaban darakta ba. Ba wanda zai ɗauka, Bryony. Labarin ya zagaya."

"Na sani, Anti. Na gode da kika yi shiru ranar."

"Ban san abin da kike nufi ba," ta ce, ta kashe.

Rigunan kamfani ya kwashe su, nasa ne. Ɗaya ce ta tsira, don Goggo ta tafi gida da tata a jiki ta ce duk mai so ya zo ya tuɓe ta. Tana sa ta zuwa coci, ta zauna daidai ƙarƙashin matan bango.

Ni kuwa ina Tolsham. Da safe ina sayar da burodi a shagon da layi ke buɗe mini hanya a da, da rana ina bayan gidan Goggo da durona, ina rina gyale ga duk mai so. Mutanen da suka kalli shirin nan a faɗin ƙasar sun tashi da abin da suka kwanta da shi: kakanninmu ƙazamai ne masu launin toka. Ƙin da na yi bai canza ko hoto ɗaya ba. Ya cinye mini aikin, ya cinye Landan, ya cinye sunana a ƙarshen shirin, ya raba ni da uwar ɗakin da nake ƙauna, kuma tun daga ranar babu mai talabijin da ya sake kirana. Wannan shi ne kuɗin bokitin da na ajiye, na biya shi duka. Da za a sake miƙo mini shi gobe, a nan gaban daraktan zan sake ajiyewa.